Ranar da Aka Ƙirga Tabarmi

Ni ban shiga aji ba. Abin da idona ya gani nake faɗa, wani hannu yana rubutawa. To ku saurara. Abin nan a Kafanchan ya faru, a shekarun da aka daina cewa En'e aka koma cewa ƙaramar hukuma. Lokacin jirgin ƙasa yana da ƙarfinsa, in ya yi kuka a tasha har kajin unguwa sai sun ɗaga kai.

Mijina lebura ne a layin dogo. Shi da abokan aikinsa suke bin layi da diga da shebur, suna gyara inda ruwa ya ci. Aikin ne ya ba mu ɗaki a bayan tasha, cikin jerin ɗakunan leburori, ɗaki ɗaya da 'yar rumfar girki. Da farkon damina ciwon ƙirji ya kama shi, bai daɗe ba Ubangiji ya kira shi. Muka kai shi ƙauyensu ta wajen Kachia muka binne, muka dawo. Ɗakin kuwa na aiki ne, ba na mutum ba. Babu wanda ya wulaƙanta mu. Shugabansu ya zo da hularsa a hannu, ya ce mu zauna har ƙarshen shekara, daga nan wani ma'aikacin zai shiga.

A ɗakin nan akwai ni, akwai uwar mijina, akwai 'ya'yana. Akwai marayun ƙanen mijina da muke riƙo. Akwai kuma yaran ƙauye da aka turo mana tun da aka ce kowane yaro ya shiga makaranta. Kada ku tambaye ni mu nawa ne. Ban faɗa a lokacin ba, yau ma ba zan faɗa ba.

Bayan an gama zaman makoki, wan mijina ya zo daga ƙauye. Mutum ne mai tsoron Allah, ba ya ɗaga murya. Ya zauna a kan turmi, ya sha kunu, ya ce, "Matarmu, ba mugunta na zo yi ba. Amma jinin ƙanena ba zai kwana a titi ba. In an yanke acca ba ki da rufin kanki, yara za su dawo gida wurina. Ke kuma ki koma gidan mahaifinki ki huta."

Haka al'ada take. Yara na gidan uba ne. Amma tun daga ranar, in na ga acca tana tsawo a gonakin gefen gari sai in tuna maganarsa.

Ana nan sai fasto ya yi sanarwa ran Lahadi bayan sujada. Ya ce majalisar ƙaramar hukuma za ta gina gidaje don masu ƙaramin ƙarfi, na bulo da kwano, mutum ya riƙa biya kaɗan-kaɗan har gidan ya zama nasa. Ya ce gidajen ba za su ishi kowa ba, don haka za a fara da unguwar da ta fi matsuwa. Za a turo ma'aikata gida-gida su ga yadda ake zaune. Na fito daga majami'a ina ta juya maganar a raina. Gida na bulo, a hannun mace irina!

To a nan ne abin ya karkace, kuma mu muka karkatar da shi da hannunmu.

A wajen mutanenmu ba a ƙirga ɗan Adam. Ana ƙirga awaki, ana ƙirga damin dawa, ana ƙirga buhun citta. Mutum kam a'a. Tsofaffinmu sun ce in ka faɗi yawan 'ya'yanka da baki, ka nuna wa mutuwa ke nan cewa akwai na ɗauka. An yi mana baftisma, mun bar abubuwa da yawa na dā, amma wannan ya bi mu har cikin majami'a ya zauna a benci tare da mu.

Ma'aikacin ya zo da hantsi, yara duk suna makaranta. Ya same ni ina surfe da goyo a baya, uwar mijina tana tsince wake. Ya gaishe mu da ladabi, ya ce, "Mama, mutum nawa ke kwana a ɗakin nan?"

Tsohuwa ta ci gaba da tsintar wakenta. Ta ce, "Muna nan dai, mun gode wa Allah."

"Na sani, Mama. Amma ku nawa ne?"

"Mu kaɗan ne, ɗana. Ba mu kai a yi magana ba."

Ya dube ni. Na sunkuyar da kai. Matar ɗa ba ta tsallake maganar uwar miji. Kuma ko da ba ta wurin, mutuwa ba ta daɗe da fita daga ɗakin nan ba, ni ba zan kira ta da bakina ta dawo ba.

Ya ce, "To ni dai mutum uku nake gani."

Tsohuwa ta ce, "Idonka ne ya faɗa, ba bakina ba."

Ya rubuta abin da ya gani, ya wuce ɗaki na gaba. Can ma haka. Duk jerin ɗakunan nan, ƙofa bayan ƙofa, amsar ɗaya ce: mu kaɗan ne, mun gode wa Allah. Da yamma mata suka taru a bakin famfo kowa tana yabon kanta, wai ta kori mai tambaya bai samu komai ba.

Bayan wasu makonni aka kira taro a babban ajin makarantar firamare. Na je, na zauna a baya. A nan na fara ganin mutumin da muke kira Malam mai taswira. Ɗan ƙasarmu ne, dā can malamin makaranta, majalisa ta ɗauke shi ya tsara mata inda gidaje da hanyoyi za su zauna. Ya warware wata babbar takarda ya manna a allo, ya ce, "Ga Kafanchan."

Na ce a raina, wannan mutum wasa yake da manya. Sai ya sa tsinke ya fara nunawa. Ga tasha. Ga layin dogo ya shigo ya rabu kamar ƙafar kaza. Ga kasuwa, ga rafi ya lanƙwasa daidai inda muke wanki. Tun ina amarya nake taka garin nan, ban taɓa sanin yana da siffa ba. Ashe haka shirwa take ganinmu. Ashe haka Ubangiji yake ganinmu, dukanmu a lokaci ɗaya, kowa a ƙarƙashin ɗan rufinsa. Na nemi ɗakinmu da ido. Da ya nuna jerin ɗakunan leburori, bai kai ƙwayar acca ba. Duk kukan da muka yi, duk haihuwar da na yi, suna cikin wannan ɗigon.

Sai ya nuna wani fili fari a gefen takardar, an ja masa layuka a jere. Ya ce nan sababbin gidaje za su zauna, ga hanyar da mota za ta bi, ga inda famfo zai tsaya, ga wurin da aka bar wa yara su yi wasa. Gidajen da ko tubali ɗaya ba a aza ba, ga su a zaune a takarda, har da ƙofofinsu. Ban taɓa sanin ana iya gina gari a cikin kai kafin a taɓa ƙasa ba.

Ina cikin wannan mamaki ya karanta abin da majalisa ta yanke. Za a fara da unguwar kasuwa, don can aka samu cunkoso. Unguwarmu ta bayan tasha kuwa, bisa ga abin da mu da kanmu muka faɗa, tana da sauƙi. Sai wani zagaye, in Allah ya kai mu.

Matan da suka yi ta yabon kansu a famfo suka dubi juna. Na dawo gida na faɗa wa tsohuwa. Ta ce, "'Yata, gara yaran su tafi ƙauye da ransu." Na san tana ƙaunarsu kamar yadda nake ƙaunarsu. Na shiga rumfar girki na yi kukana a can.

Acca ta fara fitar da kai. Sai wata rana da la'asar aka yi ruwa irin na tsakiyar damina, wanda ke saukowa daga duwatsu kamar an kifar da kogi. Kwalbatin da ke bayan ɗakunanmu ya toshe, ruwa ya juyo ya shiga mana har idon sawu. Muka ɗora abinci a kan tebur, muka ɗora ƙananan yara a kan abincin. Washegari rana ta fito fes. Kowace mace ta kwaso shimfiɗar ɗakinta ta fito da ita shanya. Tabarmi a kan shinge, tabarmi a kan ciyawa, tabarmi a gangaren layin dogo, da buhuna, da fatun awaki. Ba mu ga komai a ciki ba, shanya ce kawai.

Malam mai taswira ya zo a kan kekensa don ya duba kwalbatin. Ya sauka, ya jingine keken, sai ya tsaya. Ya manta da kwalbati. Ya dubi tabarmin da ke gaban ƙofarmu, ya leƙa ɗakin, ya sake duban tabarmin.

Ya durƙusa gaban tsohuwa ya ce, "Kaka, sannunku da ruwa. Sayar da tabarmi kuke yi?"

Ta ce, "Wa zai sayi tabarmar da yara suka gama yi wa fitsari? Ko kai za ka saya, maigidana? In ka saya ka haɗa da ni."

Ya yi dariya, ya ce, "Ni na fi son mai haƙora. Amma Kaka, duk waɗannan daga ɗakin nan suka fito?"

"Daga ina za su fito, daga sama?"

"An ce mini ku kaɗan ne."

"Mu kaɗan ne mana."

Sai ya dafe kansa da hannu biyu, ya juya harshe zuwa yarenmu, ya ce, "Kaka, uwata da ta haife ni, har yau ba ta taɓa faɗin mu nawa ta haifa ba. Ni na san wannan tun ina yaro. Na zauna a ofis na aiko a tambaye ku." Sannan ya ce, "Bari in tambaye ki abu ɗaya. Tabarma fa, ana ƙirga ta?"

Tsohuwa ta ajiye sandar da take bugun tabarma da ita. Na ga tana juya maganar a ranta, tana neman inda ƙaya take. Can ta ce, "Tabarma ba ta da rai. Me mutuwa za ta yi da kaba?" Ta ɗaga yatsa ta ce, "Amma ka ƙirga a cikinka. Kada in ga leɓenka yana motsi."

Ya ce, "Ko leɓe ɗaya, Kaka."

Ya je ya faɗa wa majalisa. Na ji an yi gardama, wasu suka ce an riga an yanke magana, ba za a mayar da aikin hukuma wasan yara ba. Ya roƙe su su zo su gani da idonsu, in ba su gamsu ba a bar maganar. Aka sa ranar Asabar, a filin ƙwallon makaranta. Aka ce kowane ɗaki ya kawo shimfiɗarsa, a bar yara a gida. Unguwar kasuwa ma aka ce su kawo tasu, don kada a ce an yi son kai.

Ranar muka fito da nannaɗaɗɗun tabarmi a ka, mata a jere kamar masu zuwa biki. Muka tarar an zuba farar ƙasa a kan ciyawa, an zana ɗakuna, kowanne daidai girman ɗakin da mai shi ke ciki. Malam ya ce kowace mace ta tsaya a nata, ta shimfiɗa yadda take shimfiɗawa kullum, amma kada ta ɗora wata a kan wata.

Akwai wata maƙwabciyarmu mai sayar da burkutu, ita da mijinta kaɗai ne a ɗakinsu. Sai ga ta da ƙaton dami. Tana warwarewa sai ƙanshin sabuwar kaba ya tashi. Wata ta ɗaga murya ta ce, "Uwar tukunya, yaushe kika haihu ba ki kira mu suna ba?"

Ta ce, "Baƙi nake yi!"

"Baƙin naki a tsaye suke kwana? Ko lanƙwasa babu a jikinta!"

"Masu shan nata ne, in sun bugu su kwanta!"

Fili ya ɗauki dariya, ita ma ta yi, ta naɗe kayanta ta ce gobe za ta mayar wa mai su. Tabarmar da aka kwana a kai ba ta ɓoyuwa. Tana da ramin kafaɗa, tana da baƙin kai, gefenta ya zare.

Na durƙusa na fara shimfiɗa tawa. Ta tsohuwa a jikin bango, inda take kwana. Tawa da ta jariri. Na ci gaba. Kafin in kai rabin damin, farin layi ya ƙare. Na tsaya da tabarma a hannu, na rasa inda zan sa. Malam ya ce, "Ci gaba, Mama, ki tsallake layin." Na tsallake. Na shimfiɗa, na shimfiɗa, har na shiga ɗakin maƙwabciyata, ita ma nata sun shigo nawa.

Da na miƙe na ɗaga kai, sai na ga abin da ban taɓa gani ba, ba kuma zan sake gani ba. Farar ƙasar nan duk ta ɓace. Daga wannan raga har waccan raga ba a ganin ciyawa, sai tabarmi. Manya da ƙanana, masu faci, masu ja da kore da suka koɗe, da 'yan buhuna da fatu a tsakani. Babu mutum ko ɗaya a kansu, amma kowace tana riƙe da siffar mai ita. Kamar dukan unguwar ce ta kwanta a gabanmu tana numfashi a tsakar rana. Dariyar ta mutu. Ni da nake naɗe tabarmin nan kowace safiya da hannuna, ban san haka muke ba. Na tambayi kaina, ta yaya muka shiga ɗakin nan? Wa yake faɗaɗa mana bango in mun kwanta? Wata tsohuwa a gefena ta ce a hankali, "Ubangiji, ashe kai kake riƙe da mu."

Shugaban majalisa ya taso daga kujerarsa, ya zo bakin tabarmi ya tsaya, bai taka ko ɗaya ba. Ya cire hularsa. Malam ya fara zagayawa, hannunsa a baya, bakinsa a rufe gam. Uwar mijina ta juya wa filin baya ta rufe ido, tana addu'a da yarenmu. Da ya zo kan namu ta ce mini, "Duba mini bakinsa." Na ce, "A rufe yake, Mama." Ya ga wata faffaɗar tabarma mai rami fiye da ɗaya, ya dube ni, na kawar da kai, ya gyaɗa nasa ya wuce. Bai tambaya ba.

Mutanen unguwar kasuwa ma sun ga abin da kowa ya gani. Wani dattijo a cikinsu, mai sayar da goro, ya ce wa shugaba, "Ranka ya daɗe, mu muna cikin matsi, amma waɗannan sun fi mu. A raba da su." Haka aka yi. Majalisa ta sake zama, ta raba gidajen tsakanin unguwannin biyu, ta sa gwauraye masu marayu a gaba. Aka kira ni ofis na dangwala yatsa.

Amma gini ba ya sauri kamar acca. Ranar da wan mijina ya zo, an riga an yanke ta an sussuke, gidana kuwa bango bai wuce gwiwa ba. Ya sauka daga mota ya ce, "Matarmu, ina rufin?"

Na ce, "Baba, zo ka gani."

Na kai shi filin da ake ginin, tsohuwa na biye da mu. Ya tsallaka inda ƙofa za ta zauna, ya tsaya a tsakiyar ɗaki, sama a buɗe a kansa. Ya taka tsawonsa da faɗinsa. Ya shiga ɗaki na biyu. Ya ƙwanƙwasa bulo da sandarsa.

"Wannan na wa ne?"

"An ce nawa ne da yara."

"Mace da gida." Ya girgiza kai. "Ban ga rufi ba."

Tsohuwa ta ce, "Kai da aka haifa a bukkar gona kake tambayar rufi? Rani ne. Wane ruwa zai dake su?"

Ya juya ya tafi tashar mota, bai yi mana sallama ba, bai kuma ce a haɗa kayan yara ba. Kwanakin da suka biyo baya ban san ɗanɗanon abinci ba. Duk motar da ta tsaya sai in ce shi ne.

Ran kasuwa sai ga shi, da wani abu naɗe cikin buhu, ya riƙe shi nesa da jiki. Ya ce in biyo shi filin. Ya kwance buhun, sai ga rassan ƙerana, itacen nan mai ƙaya da farin ruwa da mutanenmu ke kewaye gida da shi. Daga shingen gidan kakanninsu ya yanko. A wajenmu ba a dasa ƙeranar wani gida a ƙasar da ba ta gidan ba. Ya karɓi fartanya a hannun magina, ya haƙa a kusurwar gabas, ya dasa, ya taka ƙasar da diddige.

Ya ce, "Na ce yara za su dawo gida. To nan ma gida ne yanzu. Su zauna." Ya share hannunsa a wando ya ƙara da cewa, "Ki hana su taɓawa, ruwansa yana makantarwa."

Na durƙusa na yi masa godiya.

Ƙarshen shekara muka bar ɗakin bayan tasha. Muka yi rani a bukkar ciyawa cikin filinmu, muna kallon bango yana tashi. Kafin ruwan farko aka buga kwano. Ranar da muka shiga, na raba yara ɗaki biyu, na shimfiɗa wa kowa tabarmarsa da tazara, har mutum ya iya miƙe hannu bai taɓa ɗan'uwansa ba. Da gari ya waye na leƙa, sai na tarar da ɗaki ɗaya wayam. Duk sun kwaso tabarminsu sun dawo wurin kakarsu, sun cure a kusurwa ɗaya, ƙafar wannan a wuyan wancan.

Tsohuwa ta buɗe ido ta gan ni tsaye a bakin ƙofa ina kallonsu. Ta ce, "Me kike yi da bakinki?"

Na ce, "A rufe yake, Mama."